Oksitosin da basofiresin: za a iya sa ɗaya a madadin ɗaya a ɗakin bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin sanin magunguna, aikina gwada tasirin wani ganye a kan mahaifar ɓera. Ina bukatar oksitosin a matsayin ma'aunin da zan kwatanta da shi, amma wanda muka yi oda bai iso ba. A firizar lab ɗinmu, wato ɗakin bincike, akwai wata kwalbar basofiresin da wani ya bari, kuma an ce mini kusan abu ɗaya ne. Mene ne bambancinsu, kuma zan iya amfani da shi kafin nawa ya zo?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'a a wannan aiki. Kada ki sa basofiresin a gurbin oksitosin. Wanda ya ce miki kusan abu ɗaya ne bai yi ƙarya ba, sai dai wannan kusancin nasu shi ne ainihin abin da zai iya ɓata miki sakamako ba ki sani ba. Da mahaifar ba ta motsi idan an zuba mata basofiresin, da kin gane kuskuren tun ranar farko. Matsalar ita ce za ta motsa, ta murɗa sosai, na'ura ta zana miki layi mai kyan gani, alhali abin da kika auna ba shi kike zaton kin auna ba.

Mu fara da ginin jikinsu. Dukansu feftaid ne, wato gajeruwar sarƙa ta amino asid (ƙananan sinadaran da ake gina furotin da su), kuma kowannensu ƙwaya 9 ne kacal. Ki ɗauke su kamar ƙwayoyin carbi 9 da aka jera a zare. A oksitosin jerin shi ne sistin, tairosin, aisolusin, gulutamin, asfarajin, sistin, furolin, lusin, gilaisin. Sistin ta farko da ta shida suna riƙe da juna ta wata gada ta sinadarin farar wuta, saboda haka ƙwaya 6 na farko sun zama zobe, sauran 3 kuma sun zama jela. Basofiresin ma haka yake, zobe da jela, kuma guri 7 cikin 9 duk iri ɗaya ne. A guri na 3 kawai yana da fenilalanin inda oksitosin yake da aisolusin, a guri na 8 kuma yana da arjinin inda oksitosin yake da lusin. Shi ke nan bambancin. Amma arjinin tana ɗauke da cajin lantarki, lusin ba ta ɗauke da shi, kuma wannan caji da ke jela yana daga cikin manyan abubuwan da ke sa basofiresin ya zauna daram a makarɓansa, wato wuraren da yake kamawa a jikin ƙwayar halitta don ya yi aiki. Nauyinsu ma ya ɗan bambanta: oksitosin kimanin 1007, basofiresin kimanin 1084. Ki riƙe waɗannan lambobi, za mu bukace su a lissafi.

Akwai wani na uku da nake son ɗalibai su sani, domin yana nuna yadda zumuncin yake. Tsuntsaye da kifaye da kwaɗi suna da wanda ake kira basotosin, zobensa na oksitosin ne, jelarsa ta basofiresin. Alade kuma nasa basofiresin ɗin laisin ne a guri na 8, ba arjinin ba. Don haka ki duba abin da aka rubuta a jikin waccan kwalba ta firiza, domin kalmar basofiresin kaɗai ba ta gaya miki wane iri ba ne.

Tarihinsu ma a haɗe yake. A 1895 Oliver da Schäfer a Landan suka ga cewa ruwan da aka tatso daga ƙullin fituwitari, wanda ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, yana ɗaga hawan jini. A 1906 Henry Dale ya ga irin wannan ruwa yana sa mahaifa ta murɗa. An daɗe ana muhawara ko sinadari ɗaya ne mai aiki biyu ko sinadarai biyu ne. Vincent du Vigneaud na jami'ar Cornell a Amurka ya gano jerin oksitosin, ya kuma haɗa shi a lab a 1953, karon farko da aka haɗa homon (sinadarin da jiki ke aika saƙo da shi ta cikin jini) irin na feftaid da hannu, aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1955. A jikin mutum ana ƙera su biyun a ɓangaren ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus, a ajiye su a bayan fituwitari, kuma umarnin gadon da ke samar da su yana maƙwabtaka a kan kuromosom na 20, ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da umarnin gado a ƙwayar halitta. 'Yan ɗaki ɗaya ne na gaske.

Aikinsu a jiki kuwa ya rabu. Oksitosin shi ne ruwan naƙuda da aka sani a ɗakin haihuwa. Yana murɗa mahaifa, yana kuma matse ƙananan tsokokin da ke zagaye da buhunan nono har ya zubo idan jariri ya kama mama. Sunan ma daga Girkanci yake, ma'anarsa haihuwa da sauri. Basofiresin an sa masa suna ne saboda matse jijiyar jini, amma babban aikinsa na yau da kullum a ƙoda yake, yana hana jiki zubar da ruwa. Duk wanda ya yi azumi a bazara ya ga aikinsa da idonsa: zuwa la'asar fitsari ya ragu ya yi duhu, wannan basofiresin ne ya umarci ƙoda ta maido da ruwa cikin jini. Ɓerayen Brattleboro da aka gano a Amurka a 1961, waɗanda aka haifa ba sa iya ƙera shi, suna wuni shan ruwa da fitsari, kuma da su aka koyi abubuwa da yawa game da wannan homon.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi, kuma a nan nake so ki tsaya da kyau. Feftaid ba ya aiki da kansa, sai ya sami makarɓi a jikin ƙwayar halitta ya zauna a kansa. A wannan dangi makarɓai 4 ne: na oksitosin guda ɗaya, na basofiresin guda 3 da ake kira V1a da V1b da V2. V1a yana jikin tsokar jijiyoyin jini da hanta da ƙwaƙwalwa, kuma yana cikin mahaifa. V1b yana gaban fituwitari, inda yake taimakawa wajen sakin homon da ke tunzura ƙullin da ke saman ƙoda lokacin firgici ko wahala. V2 yana cikin ƙoda. Makarɓin oksitosin da V1a da V1b duk hanya ɗaya suke bi a cikin ƙwayar halitta, su sa sinadarin kalsiyam ya ƙaru, idan a tsoka ne sai ta murɗa. V2 ne ya bi wata hanyar daban, wadda ke sa a jera ƙananan kafofin ruwa da ake kira akwaforin-2 a bangon bututun ƙoda.

Sunayen nan suna yaudarar mutane, su ɗauka kowane feftaid ƙofarsa kaɗai yake shiga. Ba haka ba ne. Basofiresin yana kama makarɓin oksitosin da ƙarfi mai kyau. Oksitosin ma yana kama V1a da V2, sai dai yana bukatar a ƙara yawansa kafin ya yi hakan. Wato zaɓin da kowannensu yake yi na ƙofarsa ya dogara ne da yawan abin da kika zuba. A ɗan ƙaramin adadi kowa na bin gidansu, idan aka yawaita kowa na shiga gidan ɗan'uwansa. Likitocin mata sun san wannan a aikace: idan aka daɗe ana ɗura wa mace oksitosin mai yawa tare da ruwa mai yawa wanda ba gishiri a ciki, yana iya taɓa V2, ƙoda ta riƙe ruwa, gishirin jini ya faɗi har ta kai ga jijjiga. Homon ɗin haihuwa ne ya yi aikin homon ɗin ƙoda.

To ki dawo kan mahaifar ɓeranki. Tana da makarɓin oksitosin mai yawa, musamman idan kin yi wa ɓerar allurar istirojin, homon ɗin mata, kwana ɗaya kafin gwaji kamar yadda aka saba. Idan kika zuba basofiresin za ta murɗa, amma za ki bukaci ninkin-ba-ninkin abin da oksitosin zai bukata kafin ki kai ga murɗawa iri ɗaya, kuma ba za ki iya cewa ta wace ƙofa ya shiga ba, ta oksitosin ce ko V1a ko duka biyun. Rabon da ke tsakanin waɗannan ƙofofi kuma ba ɗaya ba ne a ɓera da mutum, ba ɗaya ba ne a mahaifa mai ciki da marar ciki. A mahaifar mace marar ciki basofiresin yana da ƙarfi sosai, shi ya sa aka daɗe ana bincikar rawarsa a ciwon mara na al'ada. Idan kika rubuta cewa ganyenki ya kai kashi kaza na ƙarfin ma'auni, alhali ma'aunin basofiresin ne, kin kumbura ƙarfin ganyen ba da niyya ba, domin kin gwada shi da wanda ba gwani ba a wannan fage. Kuma ba wanda zai iya kwatanta lambobinki da na sauran masu bincike, tunda su da oksitosin suka auna.

Akwai kuma abin da na ga ɗalibai da yawa ba sa lura da shi. Makarɓin oksitosin yana son sinadarin maginiziyam, kuma kasancewarsa ko rashinsa a ruwan da kike jiƙa naman yana canza yadda waɗannan feftaid biyu suke nuna ƙarfinsu, ba kuma daidai yake canza su ba. Don haka ki rubuta ainihin abin da ke cikin ruwan naki. Idan ruwan De Jalon kike amfani da shi, mai ƙarancin kalsiyam, a ɗumin da bai kai na jiki ba don mahaifar ta daina murɗawa da kanta, ki tsaya a kansa daga farkon aiki har ƙarshe.

Wannan ruɗani ba ƙananan lab kaɗai yake kamawa ba. Shekaru da dama ana nazarin wasu ɓerayen daji na Amurka da ake kira bol, waɗanda namiji da mace suke zama tare su reni 'ya'ya. Ayyukan Sue Carter da Thomas Insel da Larry Young sun nuna cewa oksitosin da basofiresin, musamman ta V1a a maza, suna da hannu a wannan shaƙuwa, har jaridu suka laƙaba wa oksitosin sunan homon ɗin soyayya. Sai ga shi a 2023 an wallafa wani aiki a mujallar Neuron inda aka samar da irin waɗannan ɓeraye ba su da makarɓin oksitosin sam, amma duk da haka suka shaƙu da abokan zamansu, matan suka haihu suka shayar. Wannan bai rushe aikin baya ba, ya dai nuna cewa tsarin ya fi yadda aka zata sarƙaƙiya. Haka binciken 2005 da ya ce shaƙa oksitosin ta hanci yana ƙara wa mutum yarda da wasu, da aka maimaita shi da mutane masu yawa a 2020 ba a sami wannan tasiri yadda aka faɗa ba. Ni abin da nake ɗauka daga nan shi ne, duk wanda ya ce oksitosin ne ya yi kaza, sai in tambaye shi nawa ya zuba, kuma da me ya tabbatar da ƙofar da ya bi.

Hanyar tabbatarwa ita ce toshe ƙofa ɗaya a ga abin da ya rage. A nan ma akwai tarko. Atosiban, wanda ake amfani da shi a Turai don jinkirta naƙudar da ta zo kafin lokaci, ana kiransa mai toshe makarɓin oksitosin, amma a jikin mutum yana kama V1a da ƙarfin da ya fi wanda yake kama na oksitosin. Idan ya hana murɗawa, bai raba miki gardama ba. Waɗanda suka fi zaɓi su ne L-368,899 ga makarɓin oksitosin da SR 49059 ga V1a. Akwai kuma wani oksitosin da aka sauya wa guri na 4 da na 7, ana kiransa TGOT, wanda yake da zaɓi mai kyau a ɓera amma zaɓin nasa yana raguwa a makarɓan mutum. Kullum ki tambaya a wace dabba aka tabbatar da zaɓin kafin ki dogara da shi.

Irin waɗannan sauye-sauye su ne suka ba mu magunguna masu amfani. Da aka cire rukunin amino daga sistin ta farko ta basofiresin, aka juya arjinin ta guri na 8 zuwa siffarta ta madubi, sai aka sami desmofiresin, wanda ya kusa daina matse jijiya, ya koma aikin ƙoda kawai, kuma ya fi daɗewa a jiki. A ɓangaren oksitosin kuma aka sami karbetosin. Oksitosin na asali mintuna kaɗan yake yi a cikin jini kafin a farfasa shi, kuma zafi yana lalata shi a cikin kwalba, shi ya sa ake so a ajiye allurarsa tsakanin digiri 2 zuwa 8. An yi karbetosin mai jure zafi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranci gwada shi a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe 10, har da Najeriya, aka wallafa sakamakon a 2018, inda ya yi daidai da oksitosin wajen hana zubar jini na yau da kullum bayan haihuwa. Wannan abu ya shafe mu kai tsaye, domin zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba a abubuwan da ke kashe mata a ƙasashenmu, kuma allurar da ta kwana a zafi ba ta da ƙarfin da aka rubuta a jikinta.

Na kawo wannan ne don na san tunanin da zai zo miki na gaba, wato ki je kemis ki sayo allurar oksitosin ta asibiti ki yi aiki da ita. Ɗalibai da yawa suna yin haka, kuma ya fi basofiresin nesa ba kusa ba, tunda aƙalla sinadarin daidai ne. Amma ki sani ba ki san zafin da ta sha a hanya ba, kuma wasu nau'o'in suna ɗauke da sinadarin hana lalacewa irin su kulorobutanol, wanda shi ma zai shiga ruwan gwajinki. Idan dole ta sa, ki sayo daga inda kika ga an fito da ita daga firiji, ki ɗauki duk abin da za ki bukata daga rukuni ɗaya, ki rubuta lambar rukunin da ranar ƙarewar wa'adinsa, ki kuma faɗi a rubutunki cewa allurar asibiti kika yi amfani da ita. Lissafinta ba wuya: yunit 1 na oksitosin kimanin maikurogiram 1.7 ne, don haka kwalbar yunit 10 a mililita 1 tana da kusan maikurogiram 17, wato kusan maikuromola 17 a kowace lita (mola ma'aunin adadin ƙwayoyin sinadari ne, ba nauyinsu ba). Mahaifar da aka shirya da istirojin tana amsawa tun daga 'yan nanomola kaɗan a lita (nanomola 1000 ne maikuromola 1), kin ga sai kin surka ta sosai, mataki-mataki.

Idan garin da kika yi oda ya iso, miligiram 1 na oksitosin a mililita 1 yana ba da kusan milimola 1 a kowace lita, saboda nauyinsa ya kusa 1000. Basofiresin a haɗi iri ɗaya zai ba da kimanin 0.92. Shi ya sa ba a kwatanta feftaid biyu da nauyi, da mola ake kwatanta su. Sannan ki duba takardar da ta zo da kwalbar. Tsarkin da aka rubuta, misali kashi 98, yana nufin yawan feftaid ɗin da kike so a cikin dukkan feftaid da ke ciki, ba yawansa a cikin garin ba. Garin yana ɗauke da ruwa da gishirin asid da aka tsarkake shi da shi, don haka ki nemi adadin zallar feftaid ki yi lissafi da shi. Na taɓa ganin gwaji biyu a lab ɗaya sun ƙi daidaita, muka yi makonni muna zargin ɓeraye, ashe ɗaya ya yi lissafi da nauyin gari ne, ɗaya da zallar feftaid.

Ajiyarsu iri ɗaya ce, kuma a nan ne waccan kwalba ta firiza take da wata matsalar ta daban. Ba ki san sau nawa ta narke ta sake daskarewa ba a duk lokacin da aka ɗauke wuta, ba ki san ko an buɗe ta da sanyinta raɓa ta shiga ba. Gari ana ajiye shi a bushe a digiri 20 ƙasa da sifili, a bar kwalbar ta huce kafin a buɗe. Idan an narkar, a rarraba a ƙananan bututu, kowanne na gwajin rana ɗaya, kada a mayar da ragowa. Oksitosin ya fi zama lafiya a ruwa mai ɗan tsami, wajen 4.5 a ma'aunin tsami na pH, yana saurin lalacewa idan ruwan ya karkata zuwa kanwa-kanwa. Duk sinadarin da ke tsinke gadar farar wuta, irin su DTT, zai buɗe zoben ya kashe aikin feftaid ɗin, ko wanne ne cikin biyun. Kuma idan an surka su sosai suna mannewa a bangon kwalba da roba, har abin da ya isa naman ya kasa abin da kika lissafa, saboda haka ki yi surkin ƙarshe a ranar gwaji, wasu kuma kan sa ɗan furotin albumin, kamar kashi 0.1 cikin 100, ya riga feftaid ɗin mamaye bangon.

Kafin odar taki ta zo akwai aikin da za ki iya yi wanda ba zai tafi a banza ba. Ki gwada naman da sinadarin fotasiyam kuloraid mai yawa, ki ga iyakar murɗawar da zai iya yi, wannan zai zama ma'aunin lafiyar kowane yanki da kika rataya. Ki gwada da asetilkolin, wani sinadari mai sa mahaifa ta murɗa, don ki saba da lokacin zubawa da wankewa. Ki fitar da layin ganyenki daga ƙaramin adadi zuwa babba, ki ga ko atrofin, mai toshe makarɓin asetilkolin, ko nifedifin, mai hana kalsiyam shiga tsoka, suna rage tasirinsa, wannan kaɗai zai fara gaya miki ta inda yake aiki. Idan oksitosin ya iso, ki fara da mafi ƙarancin adadi, ki wanke sosai ki ba naman hutu tsakanin zubi da zubi, domin makarɓinsa yana gajiya idan an dame shi, amsar ta riƙa raguwa ki ɗauka ganyen ne ya jawo.

Basofiresin ɗin kuma kada ki zubar. Idan malamin da ke duba aikinki ya amince, kuma kuka sami sabo wanda kuka san tarihinsa, sa shi a matsayin rukuni na daban kusa da oksitosin zai ƙara wa aikin daraja, musamman idan kuka haɗa da masu toshe ƙofofin nan biyu, domin a lokacin ne za ki iya cewa ko ganyen ta makarɓin oksitosin yake bi ko ta V1a ko ta wata hanya da ba ruwanta da su. Ki kai masa wannan shawara tare da lissafin kuɗin sinadaran, ku duba ko kasafin aikin zai ɗauka.